Jagoranci Daga Nesa da Shirin Sabon Malami

Jawabin da aka gabatar a madadin ɗalibai masu koyon aikin malanta, a wani taron ɗalibai a Kafin Hausa

   

Muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba mu wannan dama ta tsayawa a gaban manya. Batun da aka ɗora mana shi ne jagoranci daga nesa, watau yadda gogaggen malami zai riƙa kama hannun mai koyon malanta alhali kuwa kowannensu yana garinsa, ko ta wasiƙa, ko ta rediyo, ko ta wayar hannu, da kuma abin da wannan ke haifarwa ga ƙarfin gwiwar mai koyo da shirinsa na shiga aji. Mun sani a cikin wannan zaure akwai waɗanda shekarunsu na riƙon alli sun fi shekarunmu na haihuwa. Saboda haka muna neman afuwa tun da wuri. Hujjarmu ta yin magana ita ce mu ake turawa gwajin koyarwa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Halin da mai koyo ke shiga

Bayan ɗalibi ya yi shekara biyu ko uku yana sauraron lacca a kan falsafar ilmi da halayyar yara da dabarun koyarwa, sai wata rana a liƙa sunansa a allon sanarwa, a ce an tura shi wata firamare ko ƙaramar sakandare a Bulangu, ko Auyo, ko Miga, ko Jahun, ko Kaugama. Ranar Litinin hedimasta ya miƙa masa alli da rajista, ya nuna masa ƙofar aji. Daga wannan lokaci duk abin da ya haddace zai gamu da yara na gaske, waɗanda suka fi kujerun ajin yawa, wasu ba su karya ba, wasu sun kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, wasu kuma Fillanci suke yi a gida. Shi kuwa da Turanci aka koya masa komai.

Tsarin da ake bi shi ne malamin kwaleji ko na jami'a ya bi sawun ɗalibansa, ya zauna a bayan aji, ya ga darasi, ya ba da maki. Tsari ne mai kyau, amma lissafinsa yana da wuya. Malami ɗaya yana da ɗalibai da yawa a warwatse cikin ƙananan hukumomi dabam dabam, ga laccocinsa suna jiransa, ga kuɗin mai. Idan damina ta yi nisa, hanyoyin ƙasar Haɗeja sukan yanke; ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, wadda ta yi ɓarna a Bulangu da wurare da yawa na jihar nan. Wannan ba laifin kowa ba ne. Sakamakonsa dai shi ne ziyarar mai duba takan zama ta jarrabawa. Ɗalibi ya sa rigarsa ta Juma'a, ya koyar da darasin da ya fi iyawa, ya ɓoye duk wata matsala da ke hana shi barci, domin mai ba da maki ba shi ake kai wa kuka ba. Tsakanin wannan ziyara da ta gaba kuwa, sai shi da Allahnsa.

Wannan ruɗani na makonnin farko ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A 1984 wani masani ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, ya tattara bincike 83 da aka yi a ƙasashe dabam dabam a kan matsalolin sababbin malamai, ya tarar abin da ya fi damunsu duka shi ne riƙon aji, watau yadda za a sa yara su natsu, sa'an nan sai yadda za a sa su so karatun. Idan haka abin yake a inda aji bai cika ba, ina ga inda yara ke zaune har bakin allo? Tambayar da ke gabanmu ita ce, wa zai tsaya wa mai koyo a waɗannan makonni, tun da mai duba ba zai iya kasancewa ko'ina ba?

Abin da ya gabata

Kada mu ɗauka wayar hannu ce ta kawo koyarwa daga nesa ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta fuskanci irin wannan tambaya. Mata masu bukatar ilmi suna cikin ƙauyuka masu nisa, ita kuwa tana wuri ɗaya. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijai mata amintattu, ta karantar da su, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa alamar izini. Jaji takan ɗauki karatun da aka tsara cikin waƙa domin sauƙin haddacewa, ta kai wa matan ƙauyensu, bayan wani lokaci ta komo wurin malamarta da tambayoyin da suka gagara, ta ƙaro karatu ta koma. Abubuwa uku muke so a lura da su a nan. Malama ta san jajinta ido da ido kafin ta tura ta. Saƙon yana cikin harshen da masu karɓa ke ji. Hanyar kuma tana da zuwa da komowa, domin tambaya tana tahowa daga ƙauye kamar yadda amsa ke tafiya can. Za mu ga cewa duk wani jagoranci daga nesa da ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan yana ɗingishi.

Da ilmin zamani ya shigo, horon malamai ya fara ne da kusanci sosai. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta fara da horar da malaman da za su koyar. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, an kafa ta ne domin samar da malamai, kuma daga cikinta Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, kowannensu ya fara da riƙon alli, ɗaya a Sakkwato ɗaya a Bauci. Ɗalibai kaɗan ne, suna kwana suna tashi a idon malamansu. Irin wannan horo yana da inganci, amma ba ya isar jama'a.

Shekarar 1976 ita ta sauya lissafin. A watan Satumba na wannan shekara gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka kuma ɗauki da yawa da ba su da takardar malanta. Ba shi yiwuwa a kwashe su daga azuzuwa a mayar da su kwaleji, don babu wanda zai zauna da yaran. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, watau NTI, aka tabbatar da ita da doka mai lamba 7 ta 1978. Aikinta shi ne ta kai wa malami karatu har inda yake aiki. Ana buga masa littattafan da zai karanta da kansa, ya riƙa zuwa cibiyar karatu mafi kusa a ƙarshen mako da lokacin hutu don ya gana da masu koyarwa. Ta haka malamai masu ɗimbin yawa suka sami takardar malanta mai daraja ta biyu, daga 1990 kuma aka fara ba da takardar NCE ta wannan hanya. Da yawa daga cikinmu irin waɗannan malamai ne suka koya mana abacada.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ta gaji wannan ƙishirwa ta malamai. Kwalejin Ilmi ta Gumel ta daɗe tana ɗauke da nauyin, sa'an nan aka sami Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da jami'ar jiha a nan Kafin Hausa a 2013. A 2013 ɗin ne kuma aka fara wani shiri na kyautata aikin malamai da taimakon gwamnatin Ingila, wanda ake kira TDP, a jihohin Jigawa da Katsina da Zamfara. Daga cikin dabarunsa akwai sanya wa malamai hotuna masu motsi na darussa a cikin wayar hannu, domin malami ya ga yadda ɗan'uwansa ke koyarwa, ya maimaita kallo yadda ya ga dama. Sai kuma annobar 2020, wadda ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan tun daga watan Maris, aka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. Wannan ya sa mutane da yawa da suke ganin waya abin hira ce kawai suka sake shawara.

Ƙarfin gwiwa da shiri

To, jama'a, mun iso tsakiyar magana. Sau da yawa akan haɗa ƙarfin gwiwa da shiri kamar abu ɗaya ne, alhali kuwa kowanne hanyarsa dabam. Ƙarfin gwiwa shi ne abin da malami ke ji a ransa, cewa zai iya. Shiri shi ne abin da ke tabbata idan an tashi daga darasi aka tambayi yara abin da suka koya. Akan sami mai shiri da tsoro ya hana shi buɗe baki. Akan kuma sami mai ƙarfin gwiwa da ke cika aji da murya, yara su yi ta amsa "Mun gane!", ran jarrabawa a tarar ba abin da ya zauna. Na farko abin tausayi ne, na biyu kuwa abin tsoro, domin ba ya neman gyara.

A 1977 masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura, na Jami'ar Stanford a Amurka, ya bayyana cewa yardar mutum da iyawarsa tana da mafari huɗu. Na farko, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne mutum ya gwada abu da kansa ya ga ya yi nasara. Na biyu, ya ga wani irinsa ya yi. Na uku, wani wanda ya yarda da shi ya ƙarfafa shi da magana. Na huɗu shi ne halin da jikinsa ke ciki, kamar faɗuwar gaba da rawar murya, da yadda yake fassara su. Bari mu auna jagoranci daga nesa da wannan ma'auni.

A kan na biyu da na uku da na huɗu, jagora na nesa yana da amfani ƙwarai. Zai iya aiko da hoton wata malama tana koyar da aji mai kama da namu, mu gani da idonmu cewa abin yana yiwuwa ba tare da bulala ba. Zai iya kiran waya da daddare bayan yini mai wuya, ya gaya wa ɗalibi cewa shi ma muryarsa ta yi rawa a makonsa na farko. Wannan kalma ɗaya tana iya hana mutum ya yanke ƙauna daga aikin. Har ma akwai wata fa'ida da nisa ke kawowa. Tambayar da ɗalibi ke jin kunyar yi a gaban hedimasta ko abokan aiki, kamar a ce shi kansa bai fahimci raba lamba mai ɓangare ba, yakan iya yinta a cikin saƙon murya ga wanda ba ya ba shi maki. Ga 'yan'uwanmu mata, musamman matan aure da ba su da sararin tafiya taro a Dutse ko Kano, samun gogaggiyar malama da za su riƙa tuntuɓa daga ɗakinsu babbar rahama ce.

Amma mafari na farko, wanda shi ne ginshiƙi, waya ba ta ba da shi. Nasara a cikin aji ake yinta. Idan jagoranci ya tsaya ga "Madalla" da "Allah ya yi albarka", to zai hura wa ɗalibi ƙarfin gwiwa ba tare da ya ƙara masa shiri ba. Aikin jagora na gaske shi ne ya shirya wa mai koyo ƙananan nasarori, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda zai iya gani da idonsa.

Ga misali, domin magana ta fito fili. A ce ɗaliba tana koyar da rabi da rubu'i a aji uku. Ta nemi izinin hedimasta, ta jingina wayarta a taga, ta ɗauki minti goma na darasin, ta aika wa jagorarta. Jagora ta kalla, ta mayar da saƙo da Hausa, ta ce: "Bayaninki ya fita. Amma ki sake kallo, ki ƙidaya yaran da kika tambaya. Duka suna layi biyu na gaba, kuma waɗanda suka ɗaga hannu ne. Gobe ki zo da karan dawa, ki ba kowane benci ɗaya su karya biyu, su sake karyawa. Ki yi tambaya tukuna, ki ɗan yi shiru, sa'an nan ki kira suna daga baya." Washegari ɗaliba ta gwada, ta ga yarinyar da ba ta taɓa magana ba ta ɗaga guntun kara ta ce rubu'i ne. Ƙarfin gwiwar da zai zo mata a wannan rana yana da tushe, kuma shi ne ke zama shiri. Ku lura jagorar abu ɗaya ta gyara, ta ba da aikin da za a iya yi gobe da abin da ke bayan makaranta, ta kuma sa ɗalibar ta kalli kanta. Wannan dabara ta ɗaukar gajeren darasi a sake kallonsa ta samo asali tun 1963 a Jami'ar Stanford, inda Dwight Allen da abokan aikinsa suka fara ta. Abin da ya sauya shi ne na'urar da a da sai babbar jami'a ke da ita, yau tana aljihun ɗalibi.

Inda gizo ke saƙa

Ba za mu yi adalci ba idan muka tsaya ga yabo. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma sun yi gaskiya. Hoton minti goma ba ya nuna wa jagora cewa rufin ajin ya yaye, ko yau ranar kasuwa ce rabin yara ba su zo ba, ko lokacin girbi ne. Jagoran da bai taɓa shiga irin wannan aji ba zai iya ba da shawara mai daɗin ji wadda ba ta aiwatuwa, ɗalibi ya gwada ya kasa, ya ɗora wa kansa laifi. A nan jagoranci ya rage ƙarfin gwiwar da aka ce zai ƙara.

Sai batun kuɗi. Aika hoto mai motsi yana cin kuɗin waya, ɗalibin da ke gwajin koyarwa kuwa ba albashi yake ɗauka ba, ga kuɗin mota, ga na kwali da alƙalamin zanen kayan koyarwa. A wasu ƙauyuka sai an hau tudu kafin a sami layi, caji kuma sai an biya mai janareta. Idan ba a yi hattara ba, wanda aka tura cikin gari, wanda dama mai duba ke saurin isa wurinsa, shi zai fi morar jagora na nesa, na ƙauye kuma a sake barinsa a baya. Ke nan an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Akwai kuma lalaci da sauƙi ke jawowa. Yanzu ɗalibi yana iya samun shirin darasi a rubuce cikin zaurukan WhatsApp, ko ya sa kwamfuta ta rubuta masa, ya kwafe a littafinsa, a sa masa hannu. Littafi ya yi kyau, amma shi bai zauna ya yi tunanin yaransa ba. Rubuta shirin darasi da hannunka shi ne lokacin da kake gano abin da kai kanka ba ka sani ba. Wanda ya tsallake wannan ya cuci kansa, ya cuci yaran mutane.

Har wa yau akwai haƙƙi da mutunci. Yaran da ke cikin hoton 'ya'yan wasu ne. Bai halatta a ɗauke su ba da sanin hukumar makaranta da iyaye ba, balle a watsa su a Facebook don neman yabo. Haka kuma hulɗar waya tsakanin babba da ƙarami, musamman namiji da mace, tana bukatar iyaka bayyananna, ta lokaci da ta magana, domin a kare mutuncin kowa. Daga ƙarshe, akwai malamin ajin da aka tarar a makarantar. Wataƙila bai san sunan Bandura ba, amma ya san sunan kowane yaro da na ubansa. Ɗalibin da ya raina shi saboda yana da wani babba a waya ya yar da zinariya a ƙofar gida.

Me ya sa muka damu da wannan har haka? A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ba da sanarwar cewa 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta muhawara a kan yadda aka yi jarrabawar da korar da ta biyo baya, ba kuma wannan ne wurin yanke hukunci ba. Abin da ya shafe mu shi ne akasarin waɗannan bayin Allah sun taɓa zama kamar mu, masu koyo, suna bukatar wanda zai gyara musu tun icce yana ɗanye. Ba ma so wata rana a kira sunanmu cikin irin wannan lissafi. Abin da ya fi wannan nauyi kuma shi ne yaron da ya gama firamare bai iya karanta wasiƙa ba, domin shekarunsa shida ba za su komo ba.

Roƙonmu

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna gabatar da shawarwari shida ga hukumomin makarantunmu, da Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta jiha, da kuma ita Ƙungiyar Ɗalibai.

Na ɗaya, a raba jagora da mai ba da maki. Mai duba ya ci gaba da zuwa da kansa, kada a ce waya ta ɗauke masa. Jagora kuwa ya zama wanda ɗalibi zai faɗa wa gazawarsa ba da fargaba ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyu, jagora da ɗalibansa su gana ido da ido kafin a watse, ko da sau ɗaya ne, kamar yadda jaji ke zama gaban malamarta kafin ta ɗauki hanya. Muryar da ka san fuskar mai ita ta fi shiga kunne.

Na uku, a nemo jagorori daga cikin waɗanda suka san azuzuwanmu. Akwai tsofaffin hedimastoci da malamai mata da suka yi ritaya a Haɗeja da Kafin Hausa da Dutse da Ringim, ilminsu yana zaune tare da su a ƙofar gida. A ba su ɗan horo a kan yadda ake gyara ba tare da karya zuciya ba, a ba kowanne ɗalibai kaɗan da zai iya riƙewa, a kuma saka musu da abin da ya dace. Aikin da aka bari a kan sa kai kaɗai ba ya daɗewa.

Na huɗu, a sa lokaci tabbatacce, sau ɗaya a mako, kuma kowace ganawa ta ƙare da abu ɗaya da za a gwada, a komo da labarin yadda ya kasance. A yarda a yi maganar da Hausa, tun da matsalar da Hausa take zuwa a cikin aji.

Na biyar, a yi tsarin daidai da wanda ya fi kowa nisa. Inda hoto ba ya tafiya, saƙon murya ya isa. Inda wannan ma ya gagara, kira na minti biyar ya wadatar. A sa kuɗin waya cikin kasafin gwajin koyarwa, a fara da waɗanda aka tura ƙauye.

Na shida namu ne, mu ɗalibai, kuma ba ya bukatar izinin kowa. 'Yan aji huɗu da suka riga suka yi gwajin su ɗauki ƙannensu da za su fita bana. Waɗanda aka tura yanki ɗaya su riƙa haɗuwa, wannan ya zauna a bayan ajin wancan, su gaya wa juna gaskiya. Ƙungiyar Ɗalibai tana iya tsara wannan kafin zangon karatu mai zuwa, ta tattara sunaye, ta haɗa kowa da nasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna kuma roƙon a riƙa auna abin da ya kamata a auna. Idan an tambayi ɗalibi ko jagoranci ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, kusan kowa zai ce e, ko don kunya. A ƙara da duba littattafan yaransa a makon farko da na ƙarshe, a ga ko an sami bambanci. Wannan shi zai nuna mana ko shiri ya samu.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu ba malanta muka fara nema ba, ita ta same mu. Amma tun da mun shigo, yaran Jigawa ba su da wasu malamai da ke tafe sai mu. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Bauci da Maru, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948 domin ya ga malami shi kaɗai ba shi da ƙarfi. A zamaninsa sai wasiƙa ta yi kwanaki a hanya kafin ta isa. Mu da muke iya jin muryar juna cikin ƙiftawar ido ba mu da uzurin barin ɗan'uwanmu shi kaɗai a gaban allo. Malamanmu kuma, muna roƙo idan kun ga kiranmu ku ɗauka, domin matambayi ba ya ɓata sai in ya rasa mai amsa masa.

 Inda muka yi daidai Allah ya amfana, inda manya suka ga gyara muna sauraro. Allah ya ba malamanmu lada, ya sa mu fi su amfani ga na bayanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.